In Itacen Tsakar Gida Ya Faɗi, Me Za A Yi Da Gurbinsa?

Kowace shekara in bazara ta kai ƙarshe, hadarin farko yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi a gabansa. Kafin ɗigo ɗaya ya sauka ƙura ta turnuƙe gari, kwanon rufi na ƙara, awaki na neman wurin fakewa. In gari ya waye a Wurno ko Rabah ko Goronyo, da wuya a rasa gidan da za a ga dogon yaro ko mangwaro kwance, ya danne katanga ko ya tsinke waya. Wani kuwa ba iska ce ta kā da nasa ba. Shi ya kira masu gatari da kansa, don saiwa ta tsaga masa ɗaki, ko ɗansa zai yi aure ana neman wurin gini, ko kuma itacen ya tsufa cikinsa ya zama kogo. Mutanen bakin Gulbin Rima sun san wata hanya ta uku. A ambaliyar 2010, sa'ad da madatsar ruwa ta Goronyo ta cika aka saki ruwa, ya kwana da yawa a garuruwa da gonaki, itacen gida kuwa in saiwarsa ta daɗe cikin ruwa yakan bushe a tsaye.

Ko ta wace hanya abin ya zo, abin da akan yi ɗaya ne. A faskare icce, a ba maƙwabta nasu, a share ganye, mai gida ya ce aiki ya ƙare. To, aiki bai ƙare ba. Gatari ya ɗauke na sama ne kawai. Sauran itacen yana nan ƙarƙashin ƙasa, kuma yadda aka yi da shi, shi zai sa wurin ya zama lambu ko ya zama ramin da ke cin bango.

ABIN DA GIDA YA RASA

Mai gida yakan fita tun da safe zuwa gona ko kasuwa ko ofis, saboda haka ba shi ne zai fara jin rashin ba. Uwargida ce. A gindin itacen nan take daka, nan take tankaɗe, nan take ajiye randa don ruwa ya yi sanyi, nan yara ke wasa tana ganinsu. A ƙasar Sakkwato zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40, tsakar gidan da ba inuwa kuwa ba ta takuwa da ƙafa daga hantsi har la'asar. Don haka kafin a yanke shawarar abin da za a yi da wurin, a tambayi mai aiki a cikinsa.

Bayan rana sai ruwa. Dā ganye yana tare ruwan sama, ya sauko a hankali. Yanzu zai bugi ƙasa kai tsaye, ya fantsama gindin bango, ya ci yaɓe. A tsohon gari kamar Wurno, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da shi ribaɗi har ya rasu a can a 1837, gidaje sun matsu da juna, da yawa kuma ginin ƙasa ne. Bangon wani shi ne katangar wani. In gindinsa ya zaizaye, asarar ba ta gida ɗaya ba ce.

KUTUTTURE: A KASHE KO A RAYA?

Tambaya ta farko ke nan, kuma mutane da yawa ba su san akwai ta ba. Suna tsammani kututture matacce ne. Sau da yawa yana da rai.

Gulbin Maraɗi, wanda ke zuba cikin Rima, ya ratso ta wata ƙasa da ta koyi wannan darasi da wahala. Bayan farin shekarun 1970 gonakin Maraɗi sun zama fili fetal, an yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon tsofaffin kututtura ne waɗanda saiwarsu ke raye. Sai aka fara barin reshe ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kan kowane kututture, a datse sauran. Mutanen can suka sa wa abin suna sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kamar miliyan 200 suka dawo a kan kadada miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sabon dashe sai ya yi shekaru yana neman ruwa, amma tohon kututture ya gaji saiwar da ta riga ta kai ga laima. Shi ya sa yakan yi a shekara biyu abin da dashe bai yi a shekara biyar ba, kuma ba ya bukatar ban ruwa. Dogon yaro na cikin masu saurin toho. In an sare shi ne don ya yi tsawo da yawa, ko iska ta karya shi daga sama, kuma wurin da yake ba ya cutar da gini, babu dalilin tone shi. A gyara bakin saran ya zama a karkace don kada ruwa ya kwanta a kai. In toho ya fito a zaɓi biyu ko uku waɗanda suka fito daga ƙasa-ƙasa kusa da gindi, gama su ne ke kama ƙarfi, a cire sauran da wuƙa mai kaifi. Bayan shekara a bar ɗaya. A kare shi daga awaki, shi ke nan.

Amma akwai kututturen da ba a bari. Na farko, wanda saiwarsa ce ta tsaga bango ko ta shiga rijiya ko masai. Na biyu, wanda ciwo ya kashe, watau aka ga cikinsa ya ruɓe ko laimar kwaɗi na fitowa a gindinsa. Na uku, wanda ke wurin da za a yi gini. Na huɗu, mangwaro ɗan aure da aka sare ƙasa da inda aka haɗa shi, domin abin da zai tsiro uwar ce ta ƙasa, ba irin mai daɗin nan ba.

YADDA AKE FID DA SHI

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da kaka, sa'ad da ruwa ya ɗauke amma ƙasa ba ta ƙeƙashe ba. In ba a riga an sare ba, a bar gindin ya kai tsawon ƙirji, don a sami abin kamawa a jijjiga. A tona kewaye da shi da diga da shebur, nisan taku ɗaya daga jikinsa, a bi manyan saiwoyi ɗaya ɗaya a datse da gatari. Sa'an nan a ɗaura igiya a ja gefe guda, a kai ga uwar saiwa ta tsakiya a sare ta. Saiwar da ta shige ƙarƙashin bango kada a fizge ta. A datse ta kusa da bangon a bar ta nan, in ba haka ba a zo gyara a rushe.

Wanda ba shi da halin tono yana iya kashe shi da yunwa. A ɓare ɓawon duka har ƙasa, a rufe kan da tsohon kwano ko ƙasa mai kauri, kuma duk tohon da ya leƙo, ko daga gindi ko daga saiwa can nesa, a karye shi tun bai yi ganye ba. Itacen da ba ganye ba ya samun abinci. Dogon yaro yana da taurin kai, yana iya kai shekara yana gardama, amma daga ƙarshe zai sallama.

Waɗansu sukan zuba gishiri ko baƙin mai ko ruwan batir. Wannan ɓarna ce. Wurin zai daɗe bai fid da komai ba, kuma abin da aka zuba yana iya bin ruwa ya gangara rijiya, musamman a garuruwan bakin fadama inda ruwa ke kusa. Wuta kuma tana da nata hatsarin. Takan bi busasshiyar saiwa ta ƙarƙashin ƙasa ta yi kwanaki tana ci ba a gani, ta ɓullo kusa da zana ko rumbu, ko yaro ya taka toka ya nutsa cikin garwashi. In dole ne a ƙona, kada a yi da iskar hunturu, a ajiye ruwa kusa, kuma kada a kwanta barci sai an tabbata ta mutu.

Barin mataccen kututture kusa da ɗaki kuwa gayyatar gara ne. In ta cinye shi ba ta komawa inda ta fito, sai ta bi saiwa ta hau bango ta kai ga azara da ƙyaure.

RAMI DA HAƘURINSA

A ɗauki misalin maƙwabta biyu da iska ɗaya ta yi wa ɓarna. Na farko ya tone kututture, ya tura ɓarɓashin icce da shara cikin ramin, ya rufe da ƙasa, ya shafe da siminti kafin mako ya zagayo. Kowa ya shigo ya yaba. Damina biyu ba su wuce ba simintin ya dare, tsakiya ta lotsa, ruwa ya sami wurin kwana, sauro ya sami gida. Na biyu ya tsince icen duka, ya cike ramin kaɗan-kaɗan, ya bar shi da tozo kamar kabari, mutane na yi masa dariya. Da ruwa ya sauka tozon ya kwanta ya yi daidai da sauran fili.

Abin da ya faru shi ne, duk icen da aka binne zai ruɓe, in ya ruɓe kuwa sai ya bar kogo. Haka saiwoyin da suka rage, waɗanda sukan miƙa har su wuce inda inuwar itacen take tsayawa. Saboda haka a cike rami da ƙasa zalla. A zuba kaurin taƙi ɗaya, a yayyafa ruwa, a daddaɓe da madaɓi ko gindin taɓarya, a sake zuba wani, har a wuce bakin ramin da kamar taƙi guda. A bar damina ɗaya ta bi ta kai kafin a yi daɓe, in ya lotsa a ƙara.

Mai niyyar gini ya ƙara haƙuri, musamman in ƙasarsa laka ce irin ta fadamar Wurno da Goronyo, wadda ke tsattsagewa da rani. Babban itace yana shan ruwa mai yawa, shekara da shekaru ya busar da lakar da ke ƙarƙashinsa. In ya tafi, laka ta sha ruwa sai ta kumbura, ta ɗaga abin da aka ɗora mata. A jigawa, inda rairayi ya fi yawa, wannan bai cika faruwa ba, amma can ma sai an tona harsashi ya wuce tsohon ramin ya kai ga ƙasar da ba a taɓa ba.

Kafin hadari ya dawo a duba inda ruwa zai bi. A karkata filin ya gangara zuwa rariya, nesa da ɗakuna. A sabunta yaɓen gindin bango, a zuba tsakuwa ko marmara inda indararo ke zuba. A kuma gaya wa maƙwabci, kada a wayi gari ruwan wannan gida ya koma cin nasa.

ƘASAR GINDIN ITACE DUKIYA CE

Wanda ba gini zai yi ba, ya san cewa ya gaji wuri mai kyau. A 1969 wani masanin ƙasa mai suna Radwanski ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan jan rairayin Sakkwato. Ya gwada ƙasar da dogon yaro ya daɗe a kanta da ta filin da ba itace, ya tarar ta gindin dogon yaro ta fi ƙarfi kuma tsaminta ya ragu. Itacen yana jawo abinci daga can ƙasa, ya zubar da shi sama cikin ganye. In aka haɗa da kashin tumakin da aka yi shekaru ana ɗaurewa a wurin, da wuya a sami inda ya fi shi a gidan.

Aibinsa biyu ne. Ƙafa ta tattake shi ya yi tauri, saboda haka sai an kafce shi sosai. Sa'an nan garin icce da ɓarɓashin da suka gauraya da ƙasa, kafin su ruɓe sukan riƙe abincin da shuka ke bukata, har a ga ganye ya yi ɗorawa. Maganinsa a kwashe ɓarɓashin a kai juji ya ruɓe can, a zuba tsohon takin turke a madadinsa. Toka kaɗan tana da amfani, amma tulinta yana ƙona shuka, a baza ta.

Daminar farko a shuka abin miya: kuɓewa, yakuwa, rama, alayyafo, da wake a tsakani don yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. A kafa rumfa da sandunan itacen da aka sare, a ɗora zana, a shuka kabewa ko duma a gindin ginshiƙai su hau. Uwargida ta sami inuwa da miya tun kafin sabon itace ya kai gwiwa.

SABON ITACE DA MAZAUNINSA

Ba sai an jira shekara ba kafin a dasa, muddin ba cikin tsohon ramin za a sa ba. A matsa taku biyu ko uku gefe. In ciwo ne ya kashe na dā, a ƙara nisa kuma a sake iri.

A nan ne ake gyara kuskuren da ya jawo saran farko. Hausawa sun ce inuwar giginya na nesa ka sha, watau ba kowane itace ke amfanin mai shi ba. Durumi da cediya da gamji na dandali ne da ƙofar fada, saiwarsu ba ta jin kunyar bango. Mangwaro da tsamiya da dogon yaro suna son a ba su kamar ƙafa 25 daga ɗaki da rijiya da masai. Gidan da ba shi da wannan fili ya nemi gwaiba ko lemun tsami ko rumman, waɗanda ƙafa 10 ta ishe su. Zogale da gwanda sukan shiga ko'ina, zogale ma reshe kawai ake kafawa ya kama. Lalle yana yin shinge mai kyau, ga kuɗin ganye. A ɗaga kai kuma a duba waya kafin a sa diga.

In da hali, babban itace ya zauna yamma da ɗaki. Ranar da ke gasa bango har dare ta hana barci ita ce ta azahar zuwa la'asar, daga yamma take dukansa. Iskar hadari kuwa daga gabas take zuwa, saboda haka itacen da ke yamma in ya faɗi ba kan ɗaki zai faɗa ba. A dai duba kada ya zama ɗakin maƙwabci ne a bayansa.

A dasa cikin Yuli, sa'ad da ruwa ya zauna, don dashen ya sami sauran damina ya kafu. A haƙa rami faɗin ƙafa 2, zurfin ƙafa 2. A gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki a fara mayar da ita. A yage leda a hankali, a sa dashen daidai zurfin da yake a cikinta, da yamma in rana ta yi sanyi. A yi masa ɗan kwari kewaye, a rufe da busasshiyar ciyawa amma kada ta taɓa jikinsa saboda gara. Mangwaro ɗan aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 ko 4, na ƙwallo kuwa sai ya ninka haka, ga shi ba a san irin da zai bayar ba.

Abokan gāba biyu ne, akuya da rani. Ta farko a tare ta da ƙaya ko tubali ko tsohuwar ganga da aka fasa gindinta, tun ranar dashe, ba gobe ba. Na biyu kuwa, a binne tulu marar fenti kusa da dashen har wuya, a riƙa cika shi a rufe bakin. Ruwa zai riƙa tsattsafowa kai tsaye ga saiwa, rana ba ta sha ba. In aka mai da wurin alwala kusa da shi, ya sami rabonsa sau biyar kullum ba wanda ya ɗauki guga. Rani biyu ne masu wuya. In ya tsallake su ya tsira.

Ma'aikacin da ke zaune a gidan haya kada ya ce ba ruwansa. Gwanda da zogale suna biyan mai su cikin shekara guda, in an yi masa canjin wurin aiki ya bar wa na baya. Ɗan kasuwa kuma ya san cewa mai saye ya fi daɗewa a ƙofar shagon da ke da inuwa. Mai neman dashe ya tambayi ma'aikatan daji na ƙaramar hukumarsa, haka kuma wanda zai sare babban itace a bakin hanya ko kan iyaka ya fara jin ta bakinsu da ta mai unguwa.

BASHIN DA KE KAN MAI GIDA

Icce ya yi tsada a wannan yanki. Dajin Gundumi da dā ake dogara da shi ya ja baya, rashin zaman lafiya na 'yan shekarun nan kuma ya sa shiga daji ya zama kasada. Itacen da ke cikin gida, wanda za a riƙa rage wa rassa kowace shekara ana girki da su, ya fi ƙarfin a kira shi ado.

Dogon yaron da ya cika titunan Wurno da Rabah da Goronyo ba ɗan ƙasa ba ne. Asalinsa daga Indiya yake, ya biyo ta Gana, aka fara dasa shi a lardin Barno a 1928, daga baya ya yaɗu har ƙasar Sakkwato. Watau duk inuwarsa da ake zama a ƙofar masallaci da bakin kasuwa ba ta kai shekara 100 ba, kuma yawancinta wani ne ya yi mata shinge, ya ɗauki ruwa a kai ya ba ta da rani. Waɗanda suka yi wannan wahala da yawansu ba su zauna ƙarƙashinta ba. Wanda ya sare ɗaya, ko da hujja mai ƙarfi, ya ci bashi ke nan, kuma watan Yuli ne lokacin biya.

Allah ya ba da damina mai albarka.